Gwani Ɗaya da Hannu Dubu

Ƙanin mijina, wanda duk layinmu ke kira Injiniya alhali babu makarantar da ta taɓa ba shi wannan suna, sau ɗaya tak na ga an kayar da shi a gardama. Kuma ba wani ƙaton namiji ne ya kayar da shi ba. 'Yar cikinsa ce, da kayan makaranta a jikinta, a cikin shagonsa, a gaban jama'a.

Tun da ta dawo daga makaranta suke musu a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta, 'yar abar nan mai kamar biskit da suke kira furosesa. Shi ya kafe a kan cewa babu kamar babbar ƙwaƙwalwar nan guda, Si-Pi-Yu, wadda duk aikin da ka miƙa mata za ta karɓa, rubutu ne, lissafi ne, waƙa ce. Ita kuma ta ce akwai aikin da katin hoto, Ji-Pi-Yu, wanda samari ke sawa a kwamfuta don wasa, zai bar babbar ƙwaƙwalwar tasa a baya tana haki. Wai a cikin katin akwai ƙananan ma'aikata dubbai, babu mai wayon kirki a cikinsu, amma lokaci guda suke ɗaga hannu. Ya ce mata shi bai taɓa ganin inda taron marasa wayo ya fi gwani ɗaya ba, in ban da wajen cin abinci.

Yana cikin wannan bayani yana wurga hannuwa, sai gwiwar hannunsa ta ture gwangwanin sukurori. Tsohon gwangwanin madara ne, tun zamanin da yake gyaran rediyo yake jefa duk sukuru da noti da woshar da suka ragu a ciki. Kowane mai gyara yana da irinsa. In ka tambaye shi me ya sa aka haɗa kayanka sukuru ya ragu, sai ya ce kamfani ne ya zuba da yawa. Abin ya watse a kan tebur. Yarinyar ta sa gefen hannu ta raba tulin gida biyu, ta tura masa rabi, ta ce ya ware nasa iri-iri shi kaɗai tunda shi ne gwani. Sai ta leƙa waje ta kira tela, ta kira mai aski, wanda ya taho har da mutumin da yake wa askin, rabin kai a aske. Ta kira uwarta, ta kira ni. Ta ba kowa aiki guda: tela dogaye kawai, mai aski gajeru, mai rabin kai noti, uwarta masu faffaɗan kai.

"Inna, ke wosha za ki tsinta," in ji ta, "tunda idonki ba ya tsallake abu mai kama da zobe."

Na ce Allah ya shirye ta, na zauna.

Injiniya ya ɗora gilashinsa mai ƙara girman abu a ido. Ya ɗauki sukuru ɗaya, ya jujjuya shi, ya gaya mana daga wace rediyo ya fito, da wanda ya kawo ta, da ciwon da ya kashe mutumin. Ya ajiye, ya ɗauki na biyu. Mu kuwa da ba mu san tarihin kowa ba, hannu kawai muke kaiwa. Muka gama tas. Mai aski ya koma ya ƙarasa kan mutuminsa, tela ya koma kan kekensa, gwani bai ci sulusin tulinsa ba. Matarsa, faccalata, ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye shi cikin ladabi ko a kawo masa abincin yau nan, ko kuwa a bari a haɗa masa da na gobe gaba ɗaya. Sannan ta saki dariyar nan tata, wadda in ta taso sai ta riƙe ƙyauren ƙofa don kada ta zube.

Daga baya in an tuna masa, cewa yake mai aski ya cakuɗa iri biyu wuri guda. Gaskiya ne, ya cakuɗa. Amma wanda aka kayar an kayar da shi.

Ni na san mutumin nan tun yana yawo ba wando. Da aka kawo ni gidansu amarya shi ne autansu, kuma ban yi kwana nawa ba ya farke agogon tebur ɗin da na zo da shi, wai yana son ganin wanda ke kaɗa ƙararrawa a ciki. Ya mayar ya haɗa, agogo ya ci gaba da tafiya lafiya lau, sai dai ya bar mini 'yan sukurori a kan matashi. Da su aka fara gwangwanin, in kuna son sani. Tun ranar nake ce masa ƙaramin miji, shi yana ce mini Matar Yaya, har yayan nasa ya rasu, har muka yi furfura a gini ɗaya, ni a ɗakin sama, shi a shagon da ke ƙasa.

Daga agogo ya koma rediyo, daga rediyo ya koma talabijin, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan da sai ƙarti biyu sun ɗauka. Da kwamfuta ta shigo, abokan sana'arsa suka ja da baya, suka ce wannan ba tasu ba ce. Shi ya samo matacciya guda ya kwantar a tebur, ya yi ta feɗe ta har ta gaji ta tashi. Da na'ura yana da haƙuri, yana lallashinta, yana mata magana ƙasa-ƙasa. Da ɗan'adam kuwa, in ba gardama ba ce, daga gaisuwa kayansa sun ƙare.

Yadda ya nemi auren faccalata ma sai shi. Dutsen guga ta kawo gyara. Ya gyara a ranar, na gani da idona, amma da ta zo karɓa ya ce da saura. Ta dawo, da saura. Ta sake dawowa, wai yana jiran wata waya. Sai da baiwar Allah ta yi ta zirga-zirga har takalminta ya san hanya, sannan ta dafa kantar shagon ta ce masa, "Malam, in aure kake so ka faɗa, kayana duk sun yamutse." Ku riƙe labarin dutsen gugar nan. Mutum ba ya canja hali don ya tsufa, kayan aikinsa ne kawai ke canjawa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Shi yana kiranta Uwata, ni ina kiranta 'Yar Gardama. A ƙarƙashin teburin shagon ta yi rarrafe, da warin dalma ta buɗe hanci. Ta gado shi kaf: hannun, taurin kan, da rashin iya magana mai laushi. In ka ji suna ɗaga murya a kan fanka ko waya, to lafiya suke, hirar ƙaunarsu ke nan. Faccalata ce tafintarsu. Ita ce za ta ce wa yarinyar, babanki cewa yake kin yi ƙoƙari. Ta juya ta ce masa, 'yarka cewa take ka ajiye aikin nan ka ci abinci. Su biyun sai su yi tsaki, amma kowa ya ji saƙonsa.

Yarinya ta yi karatu, ta ƙara, har karatu ya ɗauke ta ya kai wata ƙasa mai nisa, inda in muna cin abincin rana su lokacin suke tashi daga barci. Ta sami aiki a wurin da ake ƙera ƙwaƙwalen da ke ɗaukar abin nan da ya hana kowa sakat, ƙirƙirarriyar basira. Ashe gardamar sukurori ba ta shagonmu kaɗai ba ce. Duniya gaba ɗaya ta koma bayan masu hannu dubu, domin wai basirar nan, in ka tona cikinta, ƙaramin lissafi ne iri ɗaya da ake maimaitawa ba iyaka. Injiniya ya ji haushin duniya ƙwarai, ya ce dama ba ta taɓa tsayawa ta saurari mai hankali ba.

Sai faccalata ta kwanta, ciwon bai ja ba, ta tafi. Allah ya jiƙanta. 'Yar ta zo, ta yi kwanakin da za ta yi, ta koma. Daga nan gida ya zama babu tafinta.

Ba wai ta yar da shi ba ne, tana kira. Amma ina zaune ina jinsu. Lafiya? Lafiya lau. Ya aiki? Da godiya. Kana cin abinci? Ina ci. Sai shiru, har kana jin kukan fankar shago ta cikin shirun. Sai ta ce to sai an jima. Ya ajiye wayar ya yi ta kallonta, kamar kayan da aka kawo gyara ya kasa gano ciwonsu. Kiran mako ya koma na wata. Zuwa gida kuwa kullum sai baɗi: aiki ya yi yawa, takardu ba su fito ba, hutu bai kama ba. Ni na san dalilin, ɗakin uwarta ne ba ta iya shiga. Shi kuma da ya buɗe baki ya ce Uwata ina kewarki, gara ya haɗiye sukundireba. Shekaru suka tura a haka. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ranar da mai aski ya faɗi wata ƙarya a kan batir a gabansa ya ƙyale shi bai musa ba, ranar hankalina ya tashi.

Ana nan, yana kwashe tarkacen ƙarƙashin kanta, sai ya ci karo da wani kaset ɗin bidiyo. Ranar da aka sake buɗe shagon bayan gyara ne wani mai kawo masa gyara ya zo da kyamara ya ɗauka, aka jefa a kwali aka manta. Ya juye shi cikin kwamfuta ya kira ni in gani. Hoton dishi-dishi, yana rawa. Ga ƙaramar yarinya zaune a kan kantar shago tana kaɗa ƙafa. Ga wata inuwa ta shigo da tire, daga tafiyar kawai na gane faccalata. Can wajen ƙarshe ta isa ƙofa ta juyo, ta riƙe ƙyaure tana dariya, amma fuskar kamar ka hango mutum ta gilashin da tururi ya rufe.

Ya ɗauki hoton allon da wayarsa ya tura wa 'yar. Kafin in hau bene ta kira. Ta ce akwai manhaja ta ƙirƙirarriyar basira da ke wanke irin wannan bidiyo, ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ta fito da fuska. Ta ce ya turo mata duka ta saka a manyan injinan wajensu, kafin ya sha shayi an gama. Ya ce matarsa ba za ta kwana a cikin injin mutanen da bai sani ba. Ta ce to ya sa manhajar a tasa kwamfutar, ta tsaya a waya tana nuna masa, yana cewa ya sani, tana cewa bai sani ba. Abincinsa ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa. Rabon da in ji muryarsa ta kai sama haka har na manta.

Kwamfutar tasa kuwa tsohuwa ce, babbar ƙwaƙwalwa ce kawai a ciki, babu kati. Shi bidiyo ashe a ƙiftawar ido guda hotuna ne jingim, kuma gwani sai ya ɗauki kowanne ya jujjuya shi, sak ubangidansa da sukuru. Fanka na ta kuka, shago ya ɗauki ɗumi. A mako guda faccalata ba ta wuce ta yi 'yan taku ba.

Sai kira ya dawo kowane mako, da rana tsaka a wajenmu. Ya share tebur tun da wuri, ya jingina wayar a jikin gwangwani. Da faɗa take farawa, Baba ina aka kwana. Ya juya wayar ga allo: wannan makon uwarta ta ajiye tiren. Wani makon ta gyara ɗankwali. Su kalla, su mayar baya su sake kalla, su yi musu a kan ko tiren nan ne wanda ya ɓata ko wani. Daga nan, ban san ta inda aka bi ba, sai ga su suna hirar marigayiya, abin da ba su taɓa yi ba tun rasuwarta. Yadda take ɓoye masa gilashi in ya ƙi tashi cin abinci. Yadda take waƙa ba ta san baitin gaba ba, ta cike da nata. In hirar ta fara nauyi, sai ɗayansu ya yi maza ya jawo zancen furosesa, a koma faɗa, kowa ya sami sauƙi.

A irin wannan faɗan ne ta gaya masa ita yanzu ta ma wuce katin hoto. Abin da suke ƙerawa iri na uku ne, ƙwaƙwalwar da ba ta iya komai a duniya ba sai lissafin nan guda, amma tana yinsa a guje, ba ta cin wuta kamar kati. Ta ce ƙaramar irinta tana cikin wayar da ke hannuna, ita ke gane fuskata ta buɗe mini. Na ce to ta fi wasu dangin. Da ya nuna bai gane ba, ko ya yi kamar bai gane ba, ta ce ya tuna ranar sukurori. Da rariyar uwarta ta ɗauko ta zuba, da ƙananan sun zube manyan sun tsaya, ba sai an tayar da tela da mai aski ba. Ya ce madalla, a ba rariya wasiƙa ta rubuta mu gani. Ta ce ba don wasiƙa aka yi ta ba. Ya ce ya ji, ga gwani, ga taron leburori, ga rariya, duniya ta duba ta zaɓi rariya. Sannan ya tambaye ta, a manyan ɗakunan injinan nasu, wa ke raba wa leburorin aiki ya ce kai ɗauki wannan kai ɗauki wancan? Ta ce babbar ƙwaƙwalwa ce. Mako guda ya yi yana taƙama da wannan amsa, har mai aski sai da ya ji ta, reza a wuyan wani.

Amma ita fuskar uwarta take jira, fuskar kuwa tana can ƙarshen kaset. Da ta ga abin zai cinye shekara, ta aiko da kati. Ƙato ne kamar bulo, da fankoki a jikinsa. Ta ce da wannan, yini ɗaya ko biyu an wuce wurin. Ya buɗe kwalin, ya shafa, ya shinshina, don shi duk sabon kaya sai ya shinshina, sannan ya mayar ya ɗora a saman kantar shago.

Makon farko ya ce akwatin wutar da ke cikin kwamfutar ba zai iya ciyar da wannan ƙato ba. Ta aiko da babba. Ya ce zafi zai yi yawa, shagon ba iska. Ta aiko da fankoki. Ya ce ya ji labarin irin katin nan, hannu dubu amma tiren da ake zuba musu aikin ɗan mitsitsi ne, sai su tsaya suna jiran juna. Ta ce ta san da haka, shi ya sa ta zaɓo mai babban ma'aji. Sai ya koma kan manhajar, ya ce tana ƙarya, ta goge ɗan tabon da ke haɓar matarsa. Wannan kam gaskiya ne, na gani. Abin ba tuna fuska yake ba, canka yake yi daga fuskokin da ya taɓa gani, kuma bai san faccalata ta faɗo daga kan keke tana yarinya ba. Ya ce in a guje aka yi, wa zai tsaya ya duba irin wannan? Ta ce da kati da ba kati hoton ɗaya zai fito, lokaci ne kawai bambancin, kuma da kati in an yi kuskure nan take za a sake. Ya ce layin ya fara yankewa, ba ya jinta sosai.

Na sauko na same shi yana goge abin da ba shi da datti. Na ce ƙaramin miji, wannan dutsen gugar na taɓa ganinsa. Ya ce bai san zancen da nake ba, in koma sama in ji da gwiwata. Na ce yarinyar nan ba wasa take ba, uwarta take son gani, kai kuma ka tsaya a ƙofa ka tare. Wancan karon budurwa ka wahalar, ta ga dama ta aure ka. Wannan 'yarka ce, kuma zuciyarta irin taka ce, in ta juya baya sai Allah. Ya ci gaba da goge-gogensa. Fanka na ta yi.

"In ya ƙare, Matar Yaya," ya ce, bai ɗago ba, "me za mu ce wa juna?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba tun ina budurwa, juyawa kawai na yi. Na hau benena.

Abin da na faɗa kuwa bai daɗe ba ya faru. Ran nan ta yi magana da muryar nan ta uwarta in ranta ya ɓaci da gaske, ƙasa-ƙasa, ba hayaniya. Ta ce ta gaji, ba za ta sake kira ba sai ranar da ya sa katin. Kuma ta cika. Ranar kira ta zo, ya share tebur, ya jingina waya a jikin gwangwani, ya zauna. Wayar ta yi gum. Wani makon ma haka. Gwani dai bai fasa aikinsa ba, faccalata ta kai tsakiyar shago, ta ɗaga hannu tana nuna wa wani abu. Ya kira ni in gani. Na kalla, na yaba, amma ba ni aka yi wa ba, shi ya sani ni na sani. Na ce ya kira ta mana. Ya ce ya ce mata me. Na ce to ya sa katin. Na ga ya sauko da kwalin, ya riƙe shi a ƙirji kamar jariri, ya daɗe, ya mayar. Ita ma sau ɗaya ta kira ni ta tambaya ko ya sa. Na ce yana nan saman kanta, gizo-gizo ya fara yi masa labule. Ta tambaya yana cin abinci? Na ce yana kallonsa dai.

Wata rana da hantsi ina baranda ina tsintar shinkafa, sai tasi ta tsaya a ƙofar shago. Mace ta fito da jaka guda. Tafiyar faccalata ce sak, har yadda take karkata kafaɗa. Na sauko da gwiwar da ta yi wata ba ta yarda da bene ba. Ta rungume ni, na ga 'yan furfura a gaban goshinta, na ce 'Yar Gardama har ke? Ta ce Inna a wajenku muka koya.

Ta shiga shago. Ya miƙe, ya goge hannu a wando, ya sake gogewa. Uba da 'ya, shekaru ba a sa juna a ido ba, kun san abin da ya fara ce mata? Wai ta yi hankali da wayar da ke ƙasa kada ta harɗe ta. Ita kuma ta gaishe shi a taƙaice ta ce ina katin.

Ta dakatar da aikin, ta kashe kwamfutar, ta zaro sukundireba daga jakar hannunta, don 'yar ubanta ce, ta kwance murfin. Sai ta tsaya cak. Sabon akwatin wuta a ɗaure. Fankoki a ɗaure. Wayoyi a naɗe tsaf, wadda za ta shiga jikin katin tana reto a daidai wurinta, ramin da za a zura shi an share ko ƙura babu. Komai a shirye yake tun tuni. Katin ne kawai babu.

Kafin ta juyo, tela da mai aski sun cika ƙofa, su ma sun tsufa, amma ƙafarsu ba ta manta hanyar kallon faɗa ba. Ta wanke shi tas a gabansu. Ta ce ta bar aikinta, ta keto duniya, a kan abin da za a yi kafin shayi ya huce. Ta ce ya sa ta aiko wannan ta aiko wancan alhali yana zaune yana mata dariya. Ya ce shi bai yi dariya ba. Tana faɗan tana zura katin, ya shiga ya yi ƙas. Ta miƙa hannu baya ba ta ko waiwaya ba, shi kuma ya laluba gwangwani ya ɗora mata sukuru a tafin hannu, kamar yadda suke yi tun kanta bai kai tebur ba. Ta ce ita fuskar uwarta kawai take son gani. Ya ce za ta gani, yanzu ai tare za su gani.

Ta yi 'yan danne-dannenta ta kunna. Fankoki suka tashi gaba ɗaya. Hotunan da muka saba gani suna rarrafe suka miƙe suka kama tafiya, a idonmu faccalata ta sauke hannun da ta yi makonni tana ɗagawa, ta juya ta nufi ƙofa. Mai aski ya ce wani abu ya faɗa masa a ido.

Yarinyar ta share hanci, ta jawo kujera ta zauna kusa da ubanta, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ba ta daɗe ba ta dawo 'Yar Gardama sak. Ta ce to, ga shaidun ranar sukurori duk sun hallara, ban da mai rabin kai. Yau ya faɗa da bakinsa. Abin da gwaninsa ya yi wata da watanni yana jan ƙafa a kai, ga masu hannu dubu za su gama kafin gobe. Wa ya fi?

Injiniya bai ɗauke ido daga allon ba. Ya sa ƙafa ya tura jakarta can ƙarƙashin tebur, inda sai an durƙusa za a ɗauko. Abin da ya faɗa kuwa, tun ranar ba a sake tayar da zancen a shagon nan ba.

"Naki ya fi sauri, Uwata, ban musa ba. Amma tun yaushe yake zaune a saman kanta da hannunsa dubu, ko takalminki bai ɗauko mini ba. Nawa mai jan ƙafar, shi ya je har can ya kawo mini ke gida."